Aron Motar Kaka

"…Lafiya lau muka kwana, sai dai ganinki da sassafen nan ya ɗan rage lafiyar."

"Ai idon da ya saba kallon tsohon ƙarfe, ran da ya ga kyakkyawar fuska dole ya yi yaji. Ina kwana, Tsoho? Ya gwiwa, ya baya, ya sauran kayan da ba su riga sun lalace ba?"

"Suna gaishe ki. Sun ce in tambaye ki yaushe za ki fara tsawo."

Haka gaisuwar Kaka da jikarsa take tun tana 'yar mitsitsiya, kuma yanzu da ta zama uwar yara uku ba abin da ya canza. Shi tsohon direba ne, ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kan hanya yana jigilar fasinja. Da ya ajiye aiki sai ya riƙe motarsa ta ƙarshe, wata ƙaramar farar bas da yake kira Gimbiya, ya ajiye ta a ƙarƙashin rumfar kwano a tsakar gida. Kullum da safe sai ya wanke ta, ya tayar da injin, ya saurare shi, ya kashe. Amma tun ranar da ya goga gefenta da ginshiƙin ƙofar gida ba ta sake leƙa titi ba, kuma duk gidan ba mai tayar da zancen. Ita kuwa jikar nas ce a asibiti, gajera, baki kamar reza, shi ya sa yake kiranta Guntuwa. Ran nan ta shigo rungume da wata ƙatuwar kankana, ta same shi da bokiti da tsumma yana goge madubin mota.

"Me kika ɗauko haka da ya fi ki nauyi?" in ji shi.

"Kankana na kawo maka. Na zaɓi abin da ba ya buƙatar haƙori."

"Haƙorana sun fi na mijinki ƙwari. Ajiye ta can nesa da mota. Ke da tun da aka haife ki ban taɓa ganin kin shigo gidan nan da wani abu ba, sai dai ki fita da shi? Ruwa ba ya tsami banza. Me ya kawo ki?"

"Zumunci."

"Zumunci a ƙafa yake, ba a kankana ba."

Ta ajiye kankanar a inuwa, ta nemi wurin zama ta rasa, sai ta ɗosana a gaban motar.

"Ke! Tashi mata a fuska! Yanzu na wanke."

"To ba ni kujera mana. Gidan da ake ba mota inuwa a bar mutum a tsaye." Ta janyo wani benci ta zauna. "Shi ke nan, ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Gobe ba ni da aiki, kuma ita kaɗai ce ranar da na samu a duk dogon hutun nan. Yaran nan tun da aka rufe makaranta suna kulle a ɗaki, zafi ya hana su ko leƙa waje. Babansu kuma ka san aiki ya kai shi nesa, sai a waya suke ganinsa. 'Yan biyu sun gama zane bangon falo, yanzu sun koma hawa labule. Shi kuwa yayansu, Sarkin Tambaya, jiya ya zo ya tsaya a gabana ya ce, Mama, in an koma makaranta malama ta ce kowa ya faɗi inda ya je, ni in ce na je ina? Na ce ka ce ka je gidan Kaka. Ya ce ai wannan ba zuwa wani wuri ba ne, gaida tsoho ne."

"Shi ya ce haka?"

"Da bakinsa."

"Ja'iri. Ya gaji bakin uwarsa kaf, bai bar wa kowa ba."

"Shi ne na yi musu alkawari gobe za mu fita, yini guda cur. Alkawari kuwa kaya ne. Na zo aron akwalar nan."

Kaka ya duba hagu, ya duba dama, ya leƙa bayan rumfa.

"Wace akwala? Ni ban ga wata akwala a gidan nan ba sai wadda ta shigo da kankana."

"Gimbiya nake nufi, ranta ya daɗe, tunda dai ya riga ya daɗe."

"Ki hau motar haya."

"Da yara uku, da kular ruwa, da tabarma, da jakar kaya, a zafin nan? Kafin mu isa tasha na zubar da ɗaya a hanya ban sani ba."

"To wa zai tuƙa?"

"Ni."

Tsohon ya kwashe da dariya har tari ya sarƙe shi, ya dafa mota.

"Ke? Ko ba a gwada ba linzami ya fi ƙarfin bakin kaza. Ke da in kin zauna a kujerar nan mutane za su watse a titi, su ce ga mota na tafiya ba kowa a ciki!"

"Ina da lasisi, Tsoho. Na daɗe ina jan motar mijina kafin ya tafi da ita."

"Wannan abar mota ce? Ai kwalin ashana ne aka sa wa taya. In an yi atishawa a kusa da ita sai ta canza hannu."

"Ita dai tana fita waje. Taka kuwa ta fi amaryar da ake ji da ita zaman ɗaki."

"Bar wannan. Ina ma za ki kai su? Faɗa min in ji ko tafiyar ta isa a tashi Gimbiya daga barci."

Guntuwa ta gyara zama. "Na fara tunanin gidan zu."

"Ki ɗauki birai uku ki kai gidan birai? Wajen fita masu gadi za su tare ki su ce kin sato musu."

"Ai don kai na zaɓa. In kai ka ka gaisa da kunkuru, na ji an ce ajinku ɗaya a makaranta."

"Ƙanena ne, kuma ya fi ki kyan tafiya. Ke saurara. A zafin nan zaki ma ba ya fitowa, yana can ƙuryar keji ya baje kamar wanda aka zare wa laka. Sai ki riƙa jan yara daga wannan keji zuwa wancan, kina cewa ga wutsiya can, ga kunne can. Kafin rana ta take 'yan biyu sun zube, kin goya ɗaya, kin saɓa ɗaya, na ukun yana jan zanenki yana tambayar me ya sa giwa ba ta sa takalmi."

Dariya ta kuɓuce mata, don irin tambayar yaron ke nan sak.

"To wurin wasan yara fa? Akwai lilo, akwai doki mai juyawa, akwai abin zamiya."

"Ƙarfen da rana ta yini tana gasawa? Ki ɗora yaro a sama ɗanye, ki karɓe shi a ƙasa soyayye. Ga layi kamar na rabon gado. Sannan duk abin da suka ci, in dokin ya gama juya su, a kujerun Gimbiya za su dawo da shi. A'a."

"Wurin ninƙaya?"

"Hannunki nawa?"

"Biyu."

"Yara nawa?"

"Uku."

"To wanne kika yafe?"

"Kai, Tsoho, bakinka ya sari ɗanyen kashi!"

"Gaskiya ce dai, ɗaci gare ta."

"To akwai gidan adana kayan tarihi. Akwai sanyi a ciki, ba rana, ba ruwa. Matsalarsa ɗaya ce. In na shiga harabar da kai da motar nan, ba za a bar ni in fito da ku ba. Za su zagaye ku da igiya, su kafa allo su rubuta: direba da abin hawansa, an tono su tare."

Kaka ya so ya ɗaure fuska, amma gemunsa ya tona masa asiri, sai rawa yake yi.

"Da tsohuwar zuma ake magani, yarinya."

"In ba ta daskare a kwalba ba."

"Kuma me 'yan shekara uku za su yi a can? Wurin da aka rubuta kar a taɓa a jikin kowane abu, ki kai hannuwan ƙaiƙayi guda huɗu na 'yan biyu? Tukunyar da ta tsira daga yaƙi da gobara, a hannun 'ya'yanki za ta cika."

"Shi Sarkin Tambaya so yake ya ga jirgin sama yana tashi. An ce akwai inda ake tsayawa a bakin waya a kalla."

"Na san wurin. Ko inuwar sanda babu. Ku jeru a bakin waya kamar awakin da aka hana shiga gona, ku yi ta jira. Jirgi ya taso da ƙara, 'yan biyu su toshe kunne su tsandara ihu, kafin ki rarrashe su ya ɓace. Sai ki ce kun gani? Su ce me?"

"To sai in haɗa duka. Da safe zu, da rana gidan tarihi mu sha sanyi, da yamma jirgi."

"Ka ji ta! Wanda ya hau motar kwaɗayi a tashar wahala yake sauka. Ku iyayen yanzu ba yara kuke kaiwa yawo ba, wayarku kuke kaiwa ta ɗauki hoto. Yaro ƙarami wuri ɗaya yake so, inda zai jiƙe, ya yi butu-butu, ya bi wani abu mai rai da gudu, ya ci, ya ɓingire da barci a inuwa. Shi ke nan duniyarsa ta cika."

"Sannu malamin yawo. Ka kushe na kowa, kamar mai zaɓar wa ɗansa mata. To kai faɗi naka."

Kaka ya matse tsumma ya shanya a bakin bokiti. Ya zauna a ƙarshen bencin, muryarsa ta ɗan sauka.

"In ka bar gari, ka wuce gidan mai na ƙarshe, ka haye doguwar gada, akwai wata 'yar hanyar ƙasa da ke saɓawa. Ba allo, ba komai. Tana kai ka lambun wani abokina, bakanike ne a da, ya gaji da baƙin mai ya koma shuka. Ya rasu, ɗansa ke riƙe da wurin, har yanzu yakan aiko min da lemo. Bishiyoyi ne sun haɗe kai, in kina ƙarƙashinsu sai kin ɗaga kai kin nemi ranar. A gindin lambun akwai rafi, ruwansa iyakar idon sawu, yana gudu a kan farin yashi, ko kaza ba zai ci ba. Akwai agwagi, akwai 'yan awaki, akwai wani jaki da ya fi kowa lalaci a duniya, yaro zai hau shi ya sauka bai san an yi ba. Can tsallake kuma layin dogo ne. In jirgin ƙasa ya zo wucewa yara suka ɗaga hannu, direban yakan busa musu."

Guntuwa ta matso kusa da shi a kan bencin.

"Uwarki tana kamar 'yan biyu na kai ta," ya ci gaba. "Ta ga agwagwa ta ce sai ta kama. Ta bi ta cikin ruwa, ta zame ta zauna daɓas, agwagwar ta juyo ta bi ta. A cikin rigata ta dawo gida, tana jan ta a ƙasa."

"Mama? Mamar da ko takalminta ba ta bari ƙura ta taɓa?"

"Ita fa. Ki tambaye ta, za ta ce ƙarya nake yi. Amma fa sai an yi sammako, a isa kafin rana ta buɗe ido. Ba a fafe gora ranar tafiya. Yau ki sa ruwa ya daskare, ki dafa ƙwai, ki nemi burodi da ayaba. Kowane yaro kayan canji da hula, ki haɗa da tawul. In sun yi barcin rana sun tashi, a tattara a juyo tun suna dariya, kar a jira sai sun fara kuka."

"To ai magana ta ƙare. Can za mu. Kwatanta min hanyar."

"Ba ta kwatantuwa. Tana nan." Ya ƙwanƙwasa goshinsa da yatsa.

"A cikin wannan tsohon akwatin? Allah ya sa gara ba ta cinye ba. To sai ka shirya mu tafi tare."

"Dama tare za mu. Ni zan tuƙa."

Nan dariyar ta ɗan tsaya. Idon Guntuwa ya sauka a kan dogon zanen da ke gefen motar, inda aka shafe da fentin da bai dace da sauran ba. Kaka ya ga inda take kallo.

"Ginshiƙin ne ya matso," ya ce da sauri. "Kowa ya sani. Magini ya gina shi a karkace, yana ƙara karkacewa kullum."

"Na yarda. Ginshiƙan zamani ba su da tarbiyya, sai su ga babba na zuwa su tare masa hanya. Shi ya sa ba zan sa 'ya'yana a motar da ginshiƙai ke tsallakowa gabanta ba. In za su tsallako, gara su same ni a sitiyari, ni ba ma gaba da su."

Maganar cikin wasa ta fito, amma ta shiga. Tsohon ya tashi, ya zagaya motar sau ɗaya, ya dawo ya tsaya a gabanta yana huci.

"To. Tunda bakinki ya iya tuƙi, mu ga ƙafarki. Fitar min da ita ta ƙofar nan da baya. In ko fentinta ya shaƙi ƙamshin ginshiƙi, kin kama hanyar gidanku, kankana kuma ta zama tawa."

"Dama taka ce."

"To ta zama tawa sau biyu."

"In na fitar da ita lafiya fa?"

"Sai mu zagaya unguwa in ga sauran abin kunyar."

Ya buɗe ƙofar gida, ya zo ya shiga kujerar gefe, ya miƙa mata makulli da yatsa biyu kamar mai ba da abin da yake fatan a ƙi karɓa. Ta hau da ƙyar, ta ja kujerar gaba. Kujerar ta yi wani ƙiii mai tsawo.

"Kin ji? Tana kai ƙara. Tun da aka ƙera ta ba a taɓa matso da ita nan ba."

"Murna take yi, yau ta huta da ƙasusuwa."

Ta murɗa makulli, injin ya tashi lafiya. Ta sa ribas, ta saki ƙafa. Motar ta yi tsalle ɗaya kamar an tsikare ta, ta mutu.

"Alhamdulillahi!" Kaka ya tafa hannu. "Gimbiya ta yi magana! Ta ce wutsiyar raƙumi ta yi nesa da ƙasa!"

"Tari ta yi. Zama da kai ne, ta ɗauki cutar."

Ta sake tayarwa. Zufa ta tsattsafo mata a goshi, ta riƙe sitiyari kam. Tsohon ya kalli ƙafarta, ya kalli fuskarta, ya yi ƙoƙarin yin shiru ya kasa.

"Ke, ba haka ake mata ba. Kulocinta a sama yake kamawa. Saki a hankali, kamar kina zare hannunki daga ƙarƙashin kan jaririn da ya yi barci."

"Da ka faɗa tun farko. Wannan ai aikina ne."

Motar ta motsa sumul. Guntuwa na duba madubin hagu, tana duba na dama, Kaka kuwa ya tsuke jikinsa wuri ɗaya kamar hakan zai rage wa motar faɗi. Bayanta ya wuce ginshiƙan, cikinta ya wuce, hancinta ya fito. Ba abin da ya taɓa komai.

"Barewa ba ta gudu jikarta ta yi rarrafe," in ji ta, tana share goshi.

"Sa'a ce. Makaho ma yakan tsinci kuɗi a kasuwa. Mu je."

Suka hau titin unguwa. Rabon Gimbiya da ganinsa har an buɗe sabon shagon aski a kwana. Mai wankin mota ya ɗago ya bi su da kallo baki buɗe, matar da ke shanya a bene ta kira wata ta zo ta gani. Kaka ya fitar da gwiwar hannu ta taga yana amsa gaisuwa kamar shi ke jan motar, amma ƙafarsa ta dama sai danna ƙasa take yi.

"Tsoho, ba birki a gefenka. Za ka huda mata ciki."

"Sa giya ta biyu! Ba ki ji tana roƙonki ba?"

"Na sa."

"To sa sigina."

"Ba kwana zan yi ba."

"Sa dai, mutane su san akwai haɗari a tafe. Rage gudu! Kina tsammani motar asibiti ce?"

"Yanzu mai keke ya wuce mu, kuma yana cin ayaba."

"Sannu ba ta hana zuwa."

"Sai dai a isa lambun yara sun yi gemu."

Suka shiga wani layi da motoci ke jere a gefensa. Kwatsam Guntuwa ta take birki, motar ta tsaya cak, har hular Kaka ta zamo masa kan hanci.

"Me kuma? Wa ya ce ki tsaya a tsakiyar titi? Hanya fetal, ba kowa, ke kuma…"

Bai ƙarasa ba. Wata 'yar yarinya da ba ta fi tsawon taya ba ta ɓullo daf da hancin motar, tana bin ƙwallonta. Daga tsakanin wasu motoci biyu ta fito. Ta ɗauki ƙwallon, ta tsaya tana kallonsu tana murmushi, uwarta ta iso a guje ba ko takalmi, ta sure ta, tana ɗaga musu hannu tana ba da haƙuri.

Guntuwa ta ɗaga mata hannu ita ma, ta ja motar a hankali. Suka zagayo suka dawo ƙofar gida. Ta tsaya a inuwar katanga, ta kashe injin. Kaka ya cire hularsa yana juya ta a hannu.

"Ban gan ta ba," ya ce. "Sai da ta zo gabanmu."

"Na sani, Kaka." Rabon da ta kira shi da wannan sunan har ta manta. "Yanar ido ce ta rufe maka gani, ba wani abu ba. Kullum ana cire wa mutane ita a wurinmu, su zo ana jan su, su koma suna karanta lambar mota. In ka yarda, ni zan kai ka wurin likitan ido da kaina."

Ya daɗe yana kallon gilashin gaba. Can sai gemun nan ya fara motsi.

"Ke za ki riƙe wuƙar?"

"A'a, likita ne."

"To zan yi tunani. Don in ke ce, sai kin hau kujera kafin ki kai ga idon, kuma na san kina da tsohon haushi."

"Ai ni da allura kawai zan rama. Na ware maka wata ta musamman, ta dawakai."

"Muguwa. Ashe in an gyara idon, fuskarki zan fara gani? A bar ni da yanata."

Ta yi dariya har da goge ƙwalla, ta zare makullin ta miƙa masa. Bai karɓa ba. Ya tura hannunta ya mayar mata.

"Riƙe. Tafi da ita yau ki loda kayanki a tsanake, gobe ki biyo ki ɗauke ni tun gari bai gama wayewa ba. In mun dawo ma ta zauna a wurinki. Yara na buƙatar mota, mota na buƙatar hanya. Ni dai zan riƙa zuwa duba lafiyarta, kuma in na ga ɓawon ayaba a ƙarƙashin kujera, kotu ce za ta raba mu."

Guntuwa ta saki baki tana kallon makullin a hannunta.

"Rufe bakin, ƙuda zai shiga. Kuma ki ji sharaɗina. Ba zan zauna a gaba ba."

"To wa zai nuna min hanya?"

"Daga baya zan riƙa yi miki ihu, muryata ba ta da yana. Ke kin san duk shekarun da na yi ina bin hanyar nan, kwalta kawai na sani? Fasinja na bayana suna cewa kai, dubi dutsen can, dubi tsuntsayen can, ni kuwa idona na kan rami da kwana. An ce daga kan gadar nan ana hango kogin har inda ya lanƙwasa. Sau ɗaya ban taɓa juyawa na kalla ba. Gobe zan kalla, iya abin da idon ya ba ni. Kujerar taga tawa ce, ki gaya wa 'ya'yanki."

"Tab! Sarkin Tambaya ya riga ya kama ta tun jiya, ya ce ko 'yan biyu ba zai ba wa ba."

"Na girme shi."

"Ya fi ka kuka."

"Motata ce!"

"Yanzu ka bayar, ga makulli a hannuna. Ashe yara huɗu zan kwasa gobe. To ka ji dokar motata, fasinja: ba faɗa, ba fitar da kai ta taga, kuma kowa ya yi fitsari kafin a tashi, musamman babban cikinsu."

Kaka ya daki cinyarsa, ya tuntsire da dariya har motar na girgiza.

"Kin ci, Guntuwa, kin ci! Na bi, ranki ya daɗe, direba. Amma ki gaya wa yaron nan mu raba: shi taga a tafiya, ni a dawowa. Lokacin ya yi barci, ba zai san na cuce shi ba."